Motar Baba ta kwanta: a gyara ta ko a sake wata?

Ni malamin lakwal ne, haifaffen Yauri, wadda take cikin ƙasar Matameye a jihar Damagaram, ba Yaurin Nijeriya ta bakin kogin Kwara ba. Alli da allo su ne sana'ata, amma tun rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aka ɗora mini riƙon wata dukiya mai taya shida wadda ban san kanta ba. Labarinta nake so in ba ku, domin na san a cikinku akwai ƴan kasuwa masu tsohuwar mota a ƙofar gida, akwai kuma ma'aikata irina da suka zuba ɗan abin da suka tara a cikin sufuri, suna hangen ranar ajiye aiki. Kowannenmu wata rana zai tsaya gaban makanike ya ji tambayar da na ji: a gyara ta, ko a sake wata?

Motar Mercedes ce, irin mai gajeren hancin nan da ake kira 911. Baba ya saye ta a Kano a shekarar 1993, hannu na biyu, da kuɗin wake da gyaɗa da ya yi shekaru yana tarawa. A Inugu aka harhaɗa ta, a kamfanin ANAMMCO wanda aka buɗe a 1980. Kafintoci suka yi mata bodin katako, mai fenti ya rubuta mata a goshi: Haƙuri maganin duniya. Baba ya yi sa'ar lokaci, domin bayan ƴan watanni, ran 12 ga Janairu 1994, aka karya darajar kuɗin sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tsalle, abokan Baba guda biyu da suka tsaya jinkiri a wannan shekara har suka bar duniya ba su mallaki mota ba.

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a waɗancan shekaru bai manta da yadda albashi yake yin wata biyu, wata uku, ko fiye, bai leƙo ba. Ni a lokacin sabon malami ne a wani ƙauye, ga amarya, ga bashin mai tebur. Buhun geron da ya rufa wa gidana asiri, daga bayan motar nan ake sauke shi. Ita ta aurar da ƙannena, ita ta ɗora wa gidanmu kwano, ita ta kai Inna Makka. Saboda haka in kuka ji ina jan magana a kan tsohon ƙarfe, ku yi mini uzuri. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Aikinta kuwa shi ne aikin ƙasarmu. Yankin Matameye da Magarya yanki ne na fadamun Korama, inda ruwa yake kusa da ƙasa. Da kaka tana kwasar wake da gyaɗa. Da sanyi tana ɗaukar rake da rogo da dankali da kabewa. Daga Yauri takan fito Matameye, ta miƙe arewa zuwa Takeita, inda ake hawa babbar hanya mai lamba 1 zuwa Damagaram. Wani lokaci kuma ta yi kudu ta Ɗan Barto, ta ƙetara Kwangwalam zuwa Daura da Kano. In za ta dawo, ta ɗauko siminti da taki da gishiri. Direba ɗaya da aparanti biyu suna ci daga gare ta, ban da ƴan lodi, ban da manoman raken da suka saba ba sa neman kowace mota sai ta Baba.

A cikin watan Disamba 2024, wani dare bayan lisha, ƙanena ya kira ni a waya, ya ce: "Yaya, motar Baba ta kwanta." Ta wuce Matameye ke nan da cikakken lodin rake, kafin ta kai Takeita injin ya buga. Direba ya ji ƙara kamar ana sara da guduma a cikin tukunya, ya kashe ta nan take, amma aikin gama ya gama. Lokacin tsakiyar kakar rake ne, kowace mota tana da alkawari a kanta, sai da aka kwana uku kafin mu sami wadda za ta juye kayan. Rake kuwa ba hatsi ba ne. Da an sare shi yake fara bushewa, iskar hunturu tana shan ruwansa, bakinsa yana tsami. Aka kai shi kasuwa aka karyar. Ni na cika wa manoma giɓin daga aljihuna, domin sunan Baba ne a kan motar.

Da aka jawo ta gida, muka zauna a zaure. Ƙanena, wanda ɗan kasuwa ne mai saurin yanke magana, ya ce: "Yaya, a sayar. Mota ta kusa shekara arba'in, mun zama bayinta. Kowane wata sai mun kai ta asibiti." Inna daga bayan labule ta ce: "Ina raye ba za a kai motar Malam ga masu awon ƙarfe ba." Direba, wanda ya fara da Baba tun yana aparanti, yanzu kuma furfura ta fito masa, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, amma kowa ya san tuwon gidansa ne ake magana a kai. Na roƙe su su ba ni mako biyu. Na ce tun da lissafi nake koya wa ƴaƴan mutane, bari in gwada shi a gidanmu.

Lissafina na farko na ƴan aji uku ne. Makanikenmu na Damagaram ya sauke injin, ya ce sai an gyara kiranshaf, a sake fistan da ringi da metal, a duba famfon gazuwal. Ya yanka mini sefa miliyan 1 da rabi, har da kuɗin hannu. Wani dillali kuma ya nuna mini wata mota ƴar Turai, hannu na biyu, mai ɗaukar kamar nata ko fiye, ya ce miliyan 14 ba ragi. Na dubi lambobin biyu na ce ai wannan ba ya bukatar shawara, gyara ya fi araha nesa ba kusa ba. Na koma gida ina jin daɗi, na faɗa wa ƙanena. Sai ya yi murmushi, ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon kaye mai baƙin mai a bango, ya ce: "Yaya, karanta wannan tukuna."

Kayen direba ne, inda yake rubuta kowace tafiya da kowane kashe kuɗi, da ajami da lambobi. Na kwana biyu ina tattarawa. A shekarar 2024 kaɗai motar ta yi kwana 58 a kwance, 23 daga ciki a tsakiyar kaka da lokacin rake. Yau lagireto, gobe kaloci, jibi sifirin ya karye. Kowane gyara in ka ɗauke shi shi kaɗai ƙarami ne, jika 40, jika 70, abin da mutum zai biya ya manta. Da na haɗa su sai ga su sun kusa kamo kuɗin babban gyaran da nake jin tsoro. Ga kuma cin mai. Ko da yake matatar SORAZ, mai tace ganga 20,000 a rana, tana nan kusa da mu tun watan Nuwamba 2011, gazuwal bai zama kyauta ba: a Agusta 2022 litarsa ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, a Yuli 2024 aka sauko da ita 618. Injin da ya gaji yana shan mai fiye da ƙima, yana ƙona baƙin mai, kuma duk wannan daga cikin riba yake fita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba a rubuce yake cikin kayen ba, sai da na tambayi direba. Ya ce manyan masu kaya guda biyu da suka yi shekaru suna ba mu lodi sun koma wajen wani. Ba faɗa aka yi ba. Sun gaji da jin "tana garaji". A nan na gane kuskuren lissafina na farko. Kuɗin gyara shi ne abin da ido yake gani, amma kwanan da mota ta yi a kwance ranar da ake bukatarta ya fi shi tsada, domin a ranar ana biyan direba, ana biyan lasiransi, ana asarar lodi, sannan ana asarar amana, wadda ba a sayo ta a kasuwa. Na ce wa ƙanena: "Ka yi gaskiya. Bari in dubi sabuwar da idon basira."

To, a nan ma na tarar da abin da dillali bai faɗa mini ba. Shekaru da yawa motocin hannu na biyu daga Turai ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke shigo mana, shi ya sa ma ake ce wa irin wannan kaya ɗan Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma har lokacin da nake wannan lissafi iyakar Nijar da Benin a rufe take, kaya sai ta Lome su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwana ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru, kuma mai saye ne yake biya. Wannan ne ya sa dillalin yake cewa ba ragi.

Sannan ita kanta motar. Injin 911, wanda ake kira OM 352, silinda shida ne, famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da lantarki in ban da na tayarwa da fitila. Duk makaniken da ke tsakanin Magarya da Damagaram yana iya kwance shi a ƙarƙashin bishiya ya mayar. Manyan motocin Turai kuwa, tun daga fitowar Actros ta Mercedes a 1996, kwamfuta ce take sarrafa su. Da yawa daga waɗanda aka ƙera daga wajen 2006 har wani ruwa na musamman suke bukata, mai suna AdBlue, don tace hayaƙi. Gazuwal mai ƙura ko mai ruwa, irin wanda ake saya a jarka a bakin hanya, yana iya kashe musu nozul. In fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi tafiya, sai an nemo mai na'urar bincike daga birni. Ga su kuma da ƙasa-ƙasa, an yi su don kwaltar Turai, alhali mu rabin aikinmu cikin rairayi da laka ne a bakin fadama. Na dubi ta Sin ɗin nan, Howo, na ga ta fi ƙarfin hanyoyinmu da aljihunmu. Na dubi ƙaramar Canter, na ga sai ta yi sahu biyu kafin ta kwashe abin da ta Baba take ɗauka a sahu ɗaya.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce uwar magana. In mun sayar da tsohuwar, muka haɗa da abin da ke hannu, da ƙyar mu tada miliyan 4. Sauran miliyan 10 sai bashin banki, kuma ni ne mai albashi, a kaina za a rubuta. A shekarar 2014 aka ƙayyade cewa kuɗin ruwan banki a ƙasashen UEMOA kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari a shekara, na ƙananan asusun bashi kuma kashi 24. Na yi lissafi da kashi 15 ɗin, don gara mutum ya shirya wa mafi muni: miliyan 10 a shekara huɗu, kusan jika 278 ke nan kowane wata, kuɗin ruwa kaɗai ya haura miliyan 3. Motarmu kuwa a wata biyar ko shida take samun abin kirki, sauran shekara lallaɓawa ne. Banki bai san damina ba, bai san an rufe iyaka ba. Ranar da wata ya mutu zai cire nasa daga albashina kafin in gan shi. Ni da na ɗanɗani gidan da babu albashi, ga ƴan shekaru kaɗan suka rage mini in ajiye aiki, gabana ya faɗi. Inna kuma da ta ji kalmar kuɗin ruwa, ta ce ba da yawunta ba.

Ta fannin kayan gyara ma tsohuwar ta fi. Daga Matameye zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo, in an yi sammako, kuma babu abin da ke jikin 911 da ba a samu a can. Tun da aka saki naira a Yuni 2023, ta faɗi daga wajen 460 a dalar Amurka ɗaya har ta haura 1,500 a farkon 2024, mai riƙe da sefa ya sami ɗan ƙarfi a kasuwar, ko da yake ƴan kasuwar su ma sun ɗaga farashi. Amma kada mutum ya dogara da wannan ƙofa ɗari bisa ɗari. Mun ga Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agusta 2019, ba ta fara buɗe wasu ba sai Disamba 2020. Mun ga an sake rufewa a 2023 har zuwa Maris 2024. A waɗancan watanni abin da ya cece mu shi ne gawarwakin ire-irenta da ke kwance a garaji-garaji, ana ciro musu kaya. Ƴar Turai ta zamani ba ta da irin waɗannan dangi a kusa. Sai dai a kula da jabu, domin ringin jabu da na gaske a kwali ɗaya suke zuwa, wanda bai sani ba ya tafi da makanikensa.

Mako biyu suka kusa cika, ina tsaka mai wuya: gyara asara, saye bashi. Na koma wajen makanike na zayyana masa duka. Dattijo ne da ya san motar tun zamanin Baba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Mushe, duk lissafinka a sama kake yi. Cire babbar rigarka ka biyo ni." Muka shiga ƙarƙashin motar a kan tabarma. Ya sa yaro ya wanke shasi da gazuwal da burushin ƙarfe, ya bi shi da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya, yana sauraro kamar likita. Ya ce: "Injin riga ne, in ya tsufa a sake. Giya riga ce, bodi riga ne. Shasi shi ne ƙashin baya. In ya ruɓe ko ya karkace, ko sabon injin ka ɗora, a kan gawa ka ɗora." Ya nuna mini wani tsohon tsagu kusa da inda sifirin baya yake kamawa, wanda aka yi wa walda da faranti tun Baba yana raye. Ya ce bai motsa ba, sauran ƙarfen kuma yana amsa guduma da murya mai kyau.

Sannan ya tambaye ni ko na san ma'anar lambar da ke jikin ƙofarta. Na ce a'a. Ya ce 9 ɗin nan tan tara ke nan, nauyin mota da kayanta gaba ɗaya. 11 ɗin kuma ƙarfin doki 110. "Ku kuwa kuna ɗora mata tan goma, tan sha biyu na kaya kaɗai, ku ɗora mutane a sama, sannan ku ce ta cika ciwo. Jaki ma in an yi masa haka zai durƙusa." Ya ce wannan tsagun lodi ne ya yi shi, ba shekaru ba. Ya jawo hankalina ga birki, ya ce shi ne abin da masu mota suke bari sai ƙarshe don ba ya hana tafiya, alhali shi ne yake hana mutuwa. Na tuna da matan da suke hawa kan lodi ranar kasuwa da goyo a baya, jikina ya yi sanyi. Tun 2005 UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 a kan nauyin da ya kamata kowace mota ta ɗauka, mu muna ganinta kamar wata hanyar tatsar mutane ce a shingen awo. Ashe ƙarfen da muke karyawa namu ne.

A daren nan na sake buɗe kayen direba, na nemo na shekarun baya a akwatin Baba. Ina neman abu ɗaya, ban same shi ba. A cikin shekara 31 babu inda aka rubuta cewa an ware wani abu don ranar da motar za ta gaji. Masu lissafin ofis suna da kalma a Faransanci, amortissement, wato a raba kuɗin mota a kan shekarun da za ta yi aiki, kowace shekara a cire rabonta kafin a ce an ci riba. Ni na sa masa suna kuɗin magajiya. Da Baba, da mu bayansa, mun riƙa ajiye jika 30 kowane wata tun 1993, da a ƙarshen 2024 akwai fiye da miliyan 11 a ajiye, da ba a yi zaman zaure ba, da ban je ƙofar banki ba. Ba na zargin Baba. Kuɗin gero ya zama, da sadaki, da magani. Amma gaskiya ɗaya ce: shekara da shekaru muna cin riba muna haɗawa da uwar kuɗi, muna tsammani duka riba ce. Tambayar a gyara ko a sake, wanda ya yi tanadi ne kaɗai yake da ikon amsa ta yadda ya ga dama. Mu da ba mu yi ba, aljihu ya riga ya amsa mana.

Ranar da wa'adi ya cika na tara su, na ce za a gyara, amma da sharaɗi huɗu, kuma sai kowa ya amince. Na farko, kafin a taɓa injin sai an sake birki gaba ɗaya, kuma daga yau ba za ta ƙara ɗaukar abin da ya wuce ƙarfinta ba, ba kuma mai hawa kan lodi. Na biyu, ta bar doguwar tafiya. Iyakarta Damagaram da Magarya da bakin iyaka, inda in ta tsaya makanike zai iso ta a yini ɗaya. Lodin Agadas ko na Yamai in ya samu, mu ba wani mu karɓi kamasho. Na uku, kowace tafiya, bayan kuɗin mai da na direba, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya rage na magajiya ne. A zuba shi a asusun da ba ya buɗuwa sai da hannu biyu, kuma biki ko suna ba ya taɓa shi. Na huɗu, wa'adinta kakar rake uku. In sun cika, ko kuwa shasi ya sake tsagewa kafin nan, a sayar ba tare da an sake zama ba.

Ƙanena ya ce shi har yanzu yana ganin jinkiri ne kawai muka saya. Na ce haka ne, jinkiri muka saya, amma a miliyan 1 da rabi, ba a miliyan 13 na banki ba, kuma wannan karon mun san abin da za mu yi da shi. Na ɗora masa riƙon asusun, domin wanda ya fi ƙin tsohuwar shi zai fi tsare kuɗin sabuwar. Sharaɗi na huɗu ne na ji tsoron faɗa wa Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Malam ma da ya sayo ta, raƙumansa biyu ya sayar ya cika. Bai yi kuka ba. In lokacinta ya yi ku sallame ta da mutunci, amma allon goshin nan ku cire ku ɗora wa mai zuwa." Direba ya ɗago kai a karo na farko, ya ce in an rage lodi rabonsa zai ragu, amma ya yarda, don ya gaji da kwana a daji.

Ba ina cewa kowa ya bi sahuna ba. Ɗan kasuwar da yake da kwangilar kai kaya nesa a kan lokaci, ko wanda shasin motarsa ya riga ya ruɓe, ko wanda kayan gyaran tasa suka ɓace daga kasuwa, in ya tsaya gyara yana zuba ruwa ne a rariya. Ya sake tun da sauran abin da za a saya a jikinta. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne, kafin ya yanke, ya yi abin da ni ban yi ba da farko. Ya ƙirga kwanakin da ta kwanta a lokacin aiki, ba kuɗin gyara kaɗai ba. Ya shiga ƙarƙashinta da wanda ya sani, ya ga ƙashin bayanta da idonsa. Ya tambayi kansa wa zai gyara sabuwar in ta tsaya a bakin fadama. Ya auna bashin da watan da ba a samu ba, kada ya auna shi da watan kaka. Kai kuma ma'aikaci ɗan uwana da ka sayi mota jiya, tana sheƙi, direba yana kawo maka kuɗi kowane mako, ka sani wani ɓangare na kuɗin nan ba naka ba ne, na wadda za ta gaje ta ne. Ka fara ware shi tun daga wannan mako.

A cikin watan Fabrairu 2025 aka tayar da injin. Ta ɗauki sauran raken ƙarshen kaka, lodi daidai bakin bodi, har ƴan tasha suna yi wa direba dariya wai ya zama mai tsoro. Ta je Damagaram ta dawo a yini ɗaya da buhunan siminti. Da magariba direba ya zo zaure ya ajiye kuɗi kashi biyu a kan tabarma, ya tura ƙaramin gaban ƙanena, ya ce: "Ga na magajiya." Ƙanena ya ƙirga, jika 14 ne, ya buɗe sabon kaye ya rubuta a shafin farko. Allah ya tsare matafiya, ya sa albarka a cikin abin da muke nema, amin.